Ranar da Tsutsa Miliyan Ɗaya Ta Yi Barci a Gidan Fei

Akwai wani mutum mai suna Fei Jinrong, ɗan wani ƙauye na bakin ruwa kusa da Huzhou, a ƙasar Sin. Shekarunsa talatin da 'yan kai, amma in ka ji shi yana magana sai ka rantse a kan buhun kuɗi yake kwana.

Ya daɗe a Hangzhou yana tallan kayan mutane ta waya, irin wanda ake kunna kyamara ana ta zuba surutu jama'a na kallo. A can ya ɗauko ciwon miliyan. Wane ya tara masu kallo miliyan uku, wance ta sayar da jan-baki na yuan miliyan ashirin kafin la'asar. Shi kansa bai taɓa riƙe ko dubu ɗari ba, amma kalmar ta zauna masa a baki kamar goro.

Mahaifiyarsa, mai suna Ni Caidi, ta kusa shekara hamsin tana kiwon tsutsar siliki. Kowace bazara falle biyu na takarda mai ɗauke da ƙwan tsutsar take karɓa, daidai da ganyen bishiyar sang da gonarta ke bayarwa, don tsutsar ba ta cin wani abu sai shi. Kamar kowa a ƙauyen, ba ta ce musu tsutsa. Jarirai take ce musu.

A wannan shekara yanar ido ta rufe mata gani, 'yarta ta zo ta tafi da ita birni a yi mata aiki. Lokacin kuwa ya faɗo daidai watan kiwo.

Da za ta shiga mota ta riƙe hannun ɗanta, ta kira shi da sunansa na gida.

"A Rong, falle biyu ne. Ka ba su ganye busasshe, kar ka ba su mai raɓa. Ka manna jar takarda a ƙofa. In wani abu ya shige maka duhu, ka tambayi Kawu Pan ta taga."

"Inna, tsutsa ce fa, ba jirgin sama ba."

"Jarirai," ta gyara masa. "Kuma ka tuna da gidan Niu."

Kowa a ƙauyen ya san gidan Niu. Jinrong yana yaro cuta ta shiga tsutsarsu, suka ɓoye, suka riƙa wanke faifayensu a rafin da kowa ke wankewa. Kafin a ankara kiwon ƙauyen gaba ɗaya ya ruɓe a kan faifai. Ba wanda ya zage su, ba wanda ya ɗaga musu hannu. Mutane dai suka daina amsa musu gaisuwa, har suka tattara suka bar garin. Gidan na nan har yau, bishiya ta fasa rufinsa ta fito.

Motar ba ta gama ɓacewa ba Jinrong ya nufi shagon shayi na bakin gada, inda ya tarar da maƙwabcinsu Pan Agen, tsoho mai kunnuwa manya da bakin tsokana.

"A'a, ɗan birni ya zama uwar jarirai," in ji Pan. "A samo maka zani?"

"Kawu, ku dai kun saba da wasan yara. Falle biyu, falle uku, shekara hamsin kuna waje ɗaya. Ni bana miliyan ɗaya zan yi, duniya na kallo."

"Miliyan ɗin mene?"

"Jarirai mana."

Pan ya kurɓi shayinsa ya yi dariya har da tari. Ya ɗauka irin cika bakin da yaron ya saba ne. Da ya san da gaske yake, da a nan ya kama shi ya ɗaure da igiyar kwale-kwale.

Jinrong ya samu wani dillali ta waya, ya tambaye shi falle nawa ne miliyan. Aka ce arba'in. Ya biya nan take.

Da kayan suka iso sai abin ya ba shi dariya. Kwali ne da bai fi na takalmi ba. Ƙwayayen ba su kai ƙwayar riɗi ba, dukkansu rabin kilo ne da ɗan wani abu. Ya ɗaga kwalin da hannu ɗaya ya nuna wa kyamara.

"Jama'a, kun ga miliyan? Ga ta nan. Hannu ɗaya. Wannan ce tsofaffinmu ke jin tsoro."

Ya manna jar takarda a ƙofa kamar yadda kowane gida ya yi. Daga ranar, ba mai shiga gidan wani har sai an gama kiwo, ko aron gishiri ne sai ta taga, don ƙafar baƙo ita ke kawo cuta. Takardar da aka yi don ta kare jarirai, ita ta rufa wa wautarsa asiri.

Da farko abin daɗi ne. Suka ƙyanƙyashe baƙaƙe kamar ƙananan tururuwa, ya share su da gashin dinya zuwa kan faifai. Ɗaki ɗaya ya ɗauke su duka. Kwando ɗaya na ganye, yankakke kamar na miya, ya ishe su wuni. Masu kallo suka yi ta ƙaruwa, shi kuma yana ta ƙara faɗin kafaɗa.

Jaririn siliki barci huɗu yake yi a rayuwarsa. Yakan daina ci, ya ɗaga kai sama ya sandare, sannan ya saɓule tsohuwar fatarsa ya tashi da sabon jiki da sabuwar yunwa.

Bayan barcin farko suka cika ɗaki uku. Jinrong ya ce ai haka ake so.

Bayan na biyu ya fitar da gadon mahaifiyarsa tsakar gida, ya kafa katakai har rufi, ya ɗauko mata biyu 'yan ƙwadago daga wani gari don su taya shi.

Bayan na uku babu sauran faifai. Aka shimfiɗa su a ƙasa, a bene na sama da na ƙasa, a ɗakin girki, a garken tumaki, da tsohon rumbun da ke bayan gida. Gonar Inna, wadda ke ciyar da falle biyu har ƙarshen kiwo, ta zama tsirara kamar an yi mata aski. Ya fara sayen ganye mota-mota daga wani ɗan kasuwa, ana shigo da shi ta hanyar baya. Ɗan abin da ya tara a birni ya fara zagwanyewa.

Maƙwabta sun ga a-kori-kura tana zirga-zirga. Sun yi ta kallon juna, amma jar takarda ta ɗaure musu baki.

Sai kuma ƙarar. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san idan jarirai na cin ganye, kamar yayyafi ake yi a kan rufi. A gidan Fei kuwa ba yayyafi ba ne. Ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, wanda ba ya ɗaukewa, ana rana tsaka kuma sama tas.

Ana cikin haka wata safiya Inna ta kira. An riga an yi mata aikin, idanunta na ɗaure.

"A Rong, ruwa ake yi a gida?"

"A'a, Inna. Jarirai ne."

Ta kasa kunne. Ya ji numfashinta a cikin wayar.

"Matso da wayar kusa da su."

"Inna, ina cikin aiki."

"Wannan ba falle biyu ba ne. Nawa ka karɓa?"

"Na ɗan ƙara kaɗan."

"Nawa ne kaɗan ɗin?"

Ya ce layin ba ya da kyau, ya kashe.

Ba a daɗe ba suka shiga barci na huɗu, wanda ake ce wa babban barci. Ƙarar ta riƙa raguwa daga ɗaki zuwa ɗaki, har ta ɗauke ɗif. Jinrong ya zauna a bakin ƙofa ya miƙe ƙafa, ya ce yau dai zai huta.

Sai ya ga matan nan biyu sun fito da jakunkunansu a kafaɗa.

"Ina za ku? Ai yanzu ne aiki ya yi sauƙi."

Babbar ta dube shi kamar tana duban mara lafiya.

"Maigida, ka sallame mu mu tafi. Ba za mu tsaya mu ga tashinsu ba."

"Me zai faru in sun tashi?"

"Ba a gaya maka ba? Duk abin da suka ci daga ƙyanƙyashewa zuwa yau, ɗanɗano ne. In sun tashi daga wannan, za su ci ninkinsa biyar cikin mako guda. Ka tambayi kowa."

Suka tafi, ko waiwaye ba su yi ba.

Ya daɗe a zaune. Ya tuna gonar Inna gaba ɗaya. Ya tuna motocin da aka sauke, da kwandunan da ya ɗauka har kafaɗarsa ta saɓule. Ya yi ƙoƙarin ya hango ninkin wannan sau biyar a idonsa, abin ya ƙi hanguwa. A nan ne tsoro ya fara shigarsa.

Ya kira mai ganye.

"Ina son tan ashirin. Daga jibi zuwa mako guda."

Mutumin ya fashe da dariya. Da ya ji ba a taya shi ba, ya daina.

"Da gaske kake? Ɗan'uwa, a makon nan jariran kowa ke tashi. Wanda ke da rarar kwando biyu ma ɓoyewa yake. Ko ka zo da kuɗi cike da kwale-kwale, ba zan haɗa maka tan biyu ba."

"Zan ninka farashi."

"Ka ninka sau goma. Bishiya ba ta jin farashi."

Ya kunna kyamara ya gaya wa masu kallonsa gaskiya. Suka yi ta turo hoton zuciya da na dariya. Wani ya ce ya ba su latas. Wani ya ce wasan ya yi kyau, a ci gaba. A cikin dubban nan babu wanda ya zo da ganye ko ɗaya, kuma ba laifinsu ba ne, don a cikin waya suke.

Ya ajiye wayar ya shiga gidan.

Bai taɓa jin shiru irin wannan ba. Rana na shigowa ta tagogi, tana sauka a kansu. Ko'ina fari ne, daga bakin ƙofa har bango, daga ƙasa har rufi, sai 'yar siririyar hanyar da ya bari ta taka ƙafa. Kowane ɗayansu ya ɗaga kai sama ya sandare. Duk inda ya juya sai ya ga kamar shi suke jira.

Ya durƙusa gaban faifai ɗaya ya fara ƙirgawa, don ya san iyakar abin da ke gabansa. Ya ƙirga har wuyansa ya ƙage, ya kai dubu ɗaya da wani abu. Da ya ɗago sai ya ga bai gama ko rabin faifan ba. Faifan kuwa ɗaya ne a kan katako mai hawa takwas, katakon ɗaya ne a ɗakin, ɗakin ɗaya ne a gidan, ga rumbu can yana jira.

Shekara nawa yana faɗin miliyan, sai ranar ya fara ganinta.

Ya san abin da zai biyo baya, don a gidan kiwo ya tashi ko da bai mai da hankali ba. Jaririn da ya tashi bai samu ganye ba, ga cunkoso, ga zafi, kwana kaɗan zai yi jikinsa ya kumbura ya fashe. In ya fara a kusurwa ɗaya, ya gama gidan. Ƙudaje za su ɗauka, ruwan wanki zai kai rafi, rafin kuwa ta ƙofar kowa yake wucewa. Gidan Niu falle uku kawai suka ruɓar, suka kashe wa ƙauye shekara guda. Shi yana da arba'in.

Kuma ba shi zai zauna a ƙauyen ba. Inna ce za ta dawo da sababbin idanu, ta ga maƙwabtan shekara hamsin suna kau da kai in ta gaishe su.

Yana tsaye yana wannan tunani, sai wani abu ya motsa a gefen ƙafarsa. Ɗaya daga cikinsu ne. Fatar kansa ta tsage, yana jan jiki a hankali yana fita daga tsohuwar rigarsa. Ya fito, ya juya kai dama, ya juya hagu, yana neman ganye.

Can gaba wani ma ya motsa.

Jinrong ya fita da gudu ba takalmi.

Ya tsaya a ƙofar Pan Agen, jar takarda na daidai goshinsa. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin wanda ya buga ƙofa mai jar takarda ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya buga.

Taga ta buɗe, kunnuwan Pan suka fara fitowa kafin fuskarsa.

"Kai, ba ka ga takarda ba ne, ko birni ya cinye maka ido kai ma?"

"Kawu, ka zo ka gani."

"In shiga gidanku a watan nan? Uwarka ta ji ai sai ta cire mini kunne."

"Kawu, miliyan ɗin nan da na faɗa. Da gaske na yi. Sun fara tashi, kuma ba ni da ganye."

Tsohon ya dube shi tun daga kai har ƙafafunsa marasa takalmi. Bai ƙara tsokana ba. Ya wanke hannu, ya sauya riga, ya taka garin farar ƙasa mai kashe cuta da ke bakin ƙofarsa, ya biyo shi.

Da ya tsallaka ƙofar gidan Fei ya tsaya cak. Ya leƙa ɗakin farko, ya leƙa na biyu, ya hau bene ya sauko, ya zagaya rumbu. Da ya dawo sai ya nemi bakin rijiya ya zauna.

"Ni ma ban taɓa ganin miliyan ba," in ji shi a hankali. "Ashe haka take."

"Me zan yi, Kawu?"

"Ƙauyen nan kaf, in ka haɗa mu, bana falle hamsin muka karɓa. Kai kaɗai ka ajiye wani ƙauyen a cikin gidan uwarka." Ya share fuska da tafin hannu. "Lafiyarsu ƙalau har yanzu, na duba. Abin da ya rage mana ke nan. Gobe war haka ba zan iya faɗin haka ba."

Pan ya bi gida-gida yana magana ta taga. Wasu suka rufe tagarsu, kuma ba wanda ya ga laifinsu. Amma da yawa sun fito. Duk mai 'yar rarar ganye ya ce zai ɗauki faifai ɗaya ya keɓe a wani ɗaki, ya raba abincin nasa jariran da su.

Gida talatin da wani abu suka ɗauka. Jinrong na miƙa musu ta ƙofa, zuciyarsa na ɗan sanyi. Da na ƙarshe ya tafi, Jinrong ya juya ya dubi cikin gidan, sai ya ga kamar ba a taɓa komai ba. Ko gurbin bai gani ba.

Aka kira masu agwagi. Agwagin ƙauyen suka ci har suka koma gefe suka kwanta, ana zuba musu suna kau da baki. Aka zuba wa kifi a kududdufai har masu su suka ce ya isa, ruwan zai lalace.

Har yanzu gidan fari ne. Kuma yanzu ya fara motsi. Wata ƙara ta taso, ba irin ta ruwan sama ba, wata 'yar shuu ce ta jikkuna masu jan ciki a kan busasshen kara, suna hawa junansu, suna bin bango.

Pan ya ware daidai falle biyu na Inna, ya ce shi da wasu mutum uku za su haɗa musu ganye. Sannan ya sa maza suka haƙa dogon rami a bayan rumbu, nesa da rafi, aka kawo buhunan farar ƙasa.

Da aka gama haƙa, kowa ya jingina da shebur ɗinsa. Ba wanda ya nufi kwanduna.

"Mu mun haƙa," in ji Pan. "Zubawa taka ce. A garin nan ba wanda zai binne jarirai da rai saboda kai."

Jinrong ya ɗauki kwandon farko. Ya ji sanyinsu a hannunsa, da laushinsu, da yadda suke maƙale masa a yatsu suna ɗaga kai, don duk hannun da ya taɓa zuwa kansu abinci yake kawowa. Ya juye a ramin, ya watsa farar ƙasa, ya koma.

Ya ɗauko na biyu. Ya ɗauko na goma. Tun yana ƙirga kwandunan har ya bari. Rana ta karkata, bayansa ya ƙage, tafin hannunsa ya fashe, yana tafe yana kuka kamar ƙaramin yaro, kuma duk sanda ya koma cikin gidan sai ya tarar da saura. Abin da ya ɗaga wa kyamara da hannu ɗaya, sai da ya kwashe wunin nan da wanda ya biyo baya yana jidarsa.

Aka rufe ramin. Aka wanke gidan da farar ƙasa tun daga rufi. Sannan aka shiga jira, wanda ya fi komai wuya. Kullum da safe Jinrong kan tsaya a bakin gada yana duban fuskokin masu wucewa, yana shaƙar iska ko zai ji warin da ya sani tun yana yaro. Ko tari wani ya yi a bayan taga sai gabansa ya faɗi.

Warin bai zo ba. Jariran ƙauyen suka hau kara, kowane ya naɗe kansa a cikin farin ƙullin silikinsa. Sai dai na gidajen da suka raba ganyensu sun fito ƙanana, ba su yi nauyin bara ba, kuma kowa ya san dalili.

Inna ta dawo ana gab da cire jar takarda. Abin da sababbin idanunta suka fara gani da kyau shi ne doguwar farar kunya a bayan rumbunta. Ta tsaya a kanta ta daɗe.

"Shekara hamsin," in ji ta, "ko faifai ɗaya ban taɓa binnewa da rai ba."

"Inna, ban san haka suke da yawa ba."

"Ai kai ka faɗi yawansu da bakinka."

Ya ɗauki jakarta ya kai mata ɗaki.

Ranar buɗe ƙofa, ranar da ake yage jar takarda maƙwabta su shiga gidan juna su sha shayi, Inna ta tashi da wuri. Ta jera kofuna, ta zuba gasasshen wake da ɓawon lemo a kowane kamar yadda take yi duk shekara, ta ɗora ruwa a wuta. Ta raba silikin falle biyunta ƙulli-ƙulli, na kowane gidan da ya ɗauki faifai. Sannan ta buɗe ƙofa ta zauna tana fuskantar hanya.

Hantsi ya yi, ba kowa. Ana jin dariya daga wasu gidajen. Ruwan ya tafasa ya ƙone, ta ƙara wani. Jinrong na tsaye a bayanta, yana kallon rufin gidan Niu can tsallaken rafi, da bishiyar da ta fasa shi. Bai taɓa jin tsoro irin na wannan safiya ba, har da ranar babban barci.

Rana ta kusa tsaka sai ga inuwa a bakin ƙofa, mai kunnuwa manya.

"Yaya Caidi, an ce an sa miki idon budurwa. To dube ni da kyau, har yanzu ina da kyau ko?"

"Ka fi muni yadda na bar ka," in ji Inna. "Shigo, shayi na hucewa."

A bayansa akwai mata biyu. A bayansu wasu na tafe. Ba kowa ne ya zo ba, amma kofunan ba su isa ba, sai da aka wanke aka sake zubawa.

Jinrong na zagayawa da buta, kansa a ƙasa. Wata mata ta ce jikanta ya gaya mata wai hoton ramin nan da wani ya ɗauka ya zagaya duniya, mutum miliyan biyu sun kalla.

Pan ya ajiye kofinsa ya dubi Jinrong.

"Miliyan biyu? To, A Rong, wa zai ciyar da su?"

Aka kwashe da dariya, har da Inna tana share ido. Jinrong kaɗai ne bai yi ba. Ya ajiye butar a hankali, ya kai hannu ya dafe bayansa.

Darasi: Lamba ba ta da nauyi a baki, ba ta da nauyi a fuskar waya, amma a ƙasa tana da ciki, tana da wurin kwana, tana da wanda za ta danne. Kafin ka ce miliyan, ta kuɗi ce ko ta kaya ko ta rayuka, tsaya ka ɗauki guda ɗaya ka ga abin da yake ci, sannan ka tambayi kanka wa zai ɗauki sauran in kai ka gaza. Kuma in ka ɗebo abin da ya fi ƙarfinka, ka buga ƙofar maƙwabci tun abin bai ruɓe ba, don waɗanda ka raina su ne za su fito da shebur. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wancan da kuka sani wanda miliyan ba ta yi masa wuyar faɗa.